Takunkumi Ba Ya Jiran Tuffa Ta Nuna

Duk wanda yake ganin takunkumin kasuwanci lamari ne na shugabanni da manyan bankuna kaɗai, ya dubi abin da ya faru da manoman tuffa na ƙasar Poland a shekarar 2014. Bayan ƙasashen Yamma sun ƙaƙaba wa Rasha takunkumi saboda rikicin Yukiren, sai ita ma ta mayar da martani a watan Agusta, ta hana shigar da 'ya'yan itatuwa da kayan lambu da nama da madara daga Tarayyar Turai da Amurka da Kanada da Ostireliya da Norway. Rasha ce babbar kasuwar tuffar Poland a lokacin, kuma hanin ya zo ne daidai gab da kaka.

A ganina, a nan ne zaluncin yake. Mai man fetur ko ƙarfe yana iya adana hajarsa har rigima ta lafa, amma mai ɗanyen kaya ba shi da wannan damar, kamar yadda kowane ɗan gwari ya sani. Itacen da aka shafe shekaru ana renonsa ba zai fasa 'ya'ya don an rufe iyaka ba. Farashi ya faɗi warwas, ɗakunan sanyi suka cika, har 'yan Poland suka ƙaddamar da gangamin cin tuffa don nuna kishin ƙasa. Tarayyar Turai ta ware Yuro miliyan 125 na agajin gaggawa, wanda aka biya manoma da wani kaso nasa don su rabar da amfaninsu kyauta ko su bar shi a gona.

To, wa ya amfana? Dillalai da 'yan fasa-ƙwauri ne a sahun gaba. Tuffa da sauran kayan Turai sun ci gaba da shiga Rasha ta maƙwabciyarta Belarus bayan an sauya musu takardu, har a watan Agustan 2015 hukumomin Rasha suka fara murƙushe abin da suka kama da katafila. Shi kuwa talakan Rasha, tsada ya tarar a kasuwa.

Turkiyya ta ɗan ci ribar giɓin, amma da ta harbo jirgin yaƙin Rasha a watan Nuwamban 2015, lemunta da tumatirinta su ma suka shiga jerin haramtattu daga Janairun 2016.

Abin da ya fi damuna shi ne, kasuwar da ta kuɓuce ba ta cika dawowa ba. Rasha ta zuba tallafi ta dasa gonakin tuffa nata na zamani, Poland kuma ta koma neman masu saye a Masar da Indiya, inda kuɗin jirgin ruwa da tsawon tafiya suke cinye wani ɓangare na ribar. Ko da gobe aka sasanta aka buɗe iyaka, manomin Poland zai tarar da itatuwan wasu sun riga sun girma a gurbinsa.