Mai tsayuwa a bakin inji ma jari ya zuba

Yawancin sana'o'in da 'yan unguwa ke haɗa kuɗi su kafa a nan Katsina, injin niƙa ne ko burtsatsen sayar da ruwa, ciniki suke yi sosai. Ranar rabon riba ce ke wargaza su. An saba cewa kowa ya karɓa daidai abin da ya zuba, shi ke nan. Ni dai ban ga adalci a nan ba.

A unguwarmu injin markaɗe muka saya. Alhazan da suka ba da kaso mai tsoka, Allah Ya saka musu, ba don su ba da ba a sayo shi ba. Amma wa ke buɗe shagon bayan sallar asuba? Samari biyu ne. Je ka gan su da azahar cikin azumi, yara sun yi layi da bokitan waken ƙosai da geron kunu, ƙullu ya bushe musu har gwiwar hannu, ƙarar inji ta sa sai ka ɗaga murya kafin su ji ka. Bel ya tsinke, su ne a kasuwa. Ƙarshen shekara sai a miƙa musu "na sabulu", wai aikin al'umma ne, lada na wurin Allah. To ribar Alhaji me ya hana a bar ta wurin Allah?

Wani dattijo ya ce mini ai da ma gayya muka gada. Baba, gayya wuni ɗaya ce, da furarta da tuwonta, kuma gobe a zo taka gonar. Ba a yin gayyar shekara.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan a babin ƙiradi. Mai dukiya da mai aiki su yanka rabo tun kafin a fara, rabi ne ko sulusi na riba. In an faɗi ba da sakaci ba, asarar kuɗi ta mai kuɗi ce, shi kuwa mai aiki guminsa ya tafi a banza. Muna jin wannan a zaure, mu fito mu yi akasinsa.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 abin da ke saura bayan kuɗin mai ya ragu ƙwarai, kuma daga nan zargi ya fara, ana raɗe-raɗin yaran na ƙwange. Wataƙila ma suna yi, wanda ba a yanka wa haƙƙinsa ba ai shi zai yanka wa kansa. Shawarata ga zaman wata mai zuwa: a cire kuɗin mai, a ware na gyara, a sa wa samarin nan ko dai albashi sananne ko kaso sananne, sannan masu jari su raba saura. Littafin kuma ya bar aljihun ma'aji, a riƙa karanta shi da ƙarfi a gaban kowa, har da zawarawan da suka sa kuɗin adashensu ba a taɓa kiransu taro ba.