Kuɗin harbo makami a sama akwai, kuɗin cefanen tsohuwa babu

Wallahi jama'a raina a ɓace yake, abin nan ya daɗe yana ci na gara in faɗa in huta. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina Bronx a birnin New York na Amurka ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, in yi musu wanka in ba su magani in dafa musu, duk biyan da za a yi min an zabtare haraji tun kafin kuɗin ya taɓa hannuna kuma ban taɓa cewa uffan ba, na san ƙasa da haraji take tafiya. Amma ai ina da haƙƙin in tambaya ina kuɗin ke zuwa ko?

A farkon Nuwamba 2025 lokacin da aka rufe gwamnati har kwana 43, tsohuwar da nake wa aiki, Mama nake ce mata don ta haura tamanin, kuɗin abincinta na SNAP, tallafin abinci da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi, bai shigo kati ba. Na je kanti da katin aka goga aka ce babu komai, na dawo na same ta zaune tana jiran madara da burodi, da kuɗin aljihuna na koma na sayo, ni da nake fama da haya ga na gida suna jiran in turo. Tana ta ce min yi haƙuri 'yata kamar ita ta yi laifi. A lokacin mutum wajen miliyan 42 ne ke cin abinci da katin nan a Amurka.

To yanzu ku ji lissafin da ya hana ni barci. Makamin Patriot ɗin nan da ake harbawa ya kakkaɓo makami mai linzami, samfurin PAC-3 MSE, guda ɗaya tal kusan dala miliyan 4 ne, kuma sau da yawa biyu ake harbawa kan abu ɗaya don kar a kuskure. Na THAAD, wani makamin kakkaɓo makami mai linzami shi ma, ya fi dala miliyan 12. A yaƙin kwana 12 na Isra'ila da Iran a watan Yuni 2025 rahotanni sun ce Amurka ta harba na THAAD sama da 100, ku ninka da kanku, fiye da dala biliyan ɗaya ta ƙone a sama cikin sati biyu. Da ma tun ƙarshen 2023 jiragen ruwan yaƙi a Bahar Maliya suke harba makamin dala miliyan 2 don su harbo jirgi maras matuƙi na 'yan Houthi wanda kuɗinsa dubbai ne kawai. Haba dan Allah, wane ɗan kasuwa ne zai yarda da wannan ciniki? Wanda ke harbowa yana kashe kwabo kai kana kashe fam, ranar da rumbunka ya ƙare shi ko gezau.

Da rumbun ya yi ƙasa kuwa ba a tsaya wata muhawara ba, a Satumba 2025 sojan ƙasa na Amurka suka ba kamfanin ƙera makamai Lockheed Martin kwangilar dala biliyan 9.8 ta makaman Patriot 1,970. Nan take kuɗi ya fito.

Kar wani ya juya min magana, ni ban ce a bar makami ya faɗo kan gidajen mutane ba, rai rai ne ko na waye, kuma wanda ya taɓa kwana cikin fargabar harin sama ya san darajar abin da zai tare masa. Abin da ke ƙona min rai shi ne daga bakin wa ake cire kuɗin. Dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025, a cikinta aka ware kusan dala biliyan 25 don fara Golden Dome, garkuwar tare makamai masu linzami da ya ce za ta ci biliyan 175, kuma a cikin ita wannan dokar dai aka yanke kusan biliyan 186 daga SNAP cikin shekara goma, Medicaid kuma, tallafin kiwon lafiya na masu ƙaramin ƙarfi, an yanke mata ɗaruruwan biliyoyi. Takarda ɗaya, sa hannu ɗaya. Medicaid ɗin nan fa ita ke biyan awannin da nake zuwa gidan Mama, in aka rage awannin wa zai ɗaga ta daga gado, wa zai duba ko ta sha maganin hawan jini? 'Ya'yanta ba sa kusa.

Mu masu wannan aiki yawancinmu baƙi ne, 'yan Gana da Nijar da Gini da 'yan Dominika, a jirgin ƙasa muke haɗuwa da asuba kowa ido ya yi ja, kowa maganar ke nan, za a rage awa ko ba za a rage ba. Gobe ma ƙarfe biyar zan fita, kuma na san tambayar farko da Mama za ta yi min ita ce ko an turo wata takarda.