Hoton littafi daban, cikin saniya daban

Na karanta wani labari da ke cewa ɗaliban da suka iya juya siffar abu a zuci sun fi saurin gane tsarin jikin dabba. Akwai gaskiya a ciki, amma ban yarda baiwa ce kawai da ake haihuwar mutum da ita ba.

Lokacin da nake karatun likitan dabbobi na haddace cewa tumbin saniya ya cika ɓangaren hagu, hanta kuma tana dama. Ranar da aka kwantar mana da gawar saniya ƙafafu sama, wallahi komai ya rikice mini, har na nemi hanta a hagu. Gwajin ciki ta dubura ya fi wuya, domin ido ba ya ganin komai. Yatsu ne ke laluben mahaifa, kai kuma kana zana ta a ka. Babban hanjin doki kuwa, da ya naɗe ninki biyu, sai da na kwaikwaye shi da tiyon roba kafin ya zauna mini.

Don haka kada a yi amfani da gwajin juya siffofi wajen tace ɗalibai. A ƙara musu sa'o'in fiɗa, a sa su riƙa zana abin da suka taɓa.