Karsanata ta haihu, amma ni ta lasa

Kun dai san karsanar nan da na sayo a karar Wudil wata Juma'a, farar Bunaji mai dogon ƙaho, wadda wasunku suka ce na zuba kuɗin adashina a rijiya. To ta haihu. Maraƙi namiji, lafiya lau, yanzu haka yana can yana tsalle. Wannan shi ne labarin da ya kamata a ce ana yaɗawa a unguwa. Amma wani abu daban ake yaɗawa, don haka gara ku ji daga bakina kafin bidiyon ya iso gare ku, in ma bai riga ya iso ba.

Tun ranar da bajimin Baffa ya hau ta na rubuta a bayan kalanda, na ƙirga kwana 283 yadda masana suka ce cikin saniya yake ɗauka. Baffa bai ƙirga komai ba. Ya leƙa hantsa ya ga ta cika tim, ya danna gindin wutsiya ya ji ya saki, ya ce, "Malam, yau ko gobe." Lissafina ya ce saura mako guda. Ita kuwa da ba ta san darajar boko ba, na Baffa ta bi.

An tafka ruwa da la'asar, garken ya koma taɓo da kashin shanu, ga magariba ta kawo jiki. Ina sanye da shaddar sallata, kada ku tambaye ni dalili. Faya ta fashe, ƙafafun gaba biyu suka leƙo, kofato na kallon ƙasa, ɗan hanci a kansu, wato dai ya zo daidai. Sai dai haihuwar fari ce, ta yi ta yunƙuri abin ya ƙi gaba. Baffa ya ɗaura igiya a ƙafafun, ya ce in ta yi nishi in ja ƙasa-ƙasa, in ta huta ni ma in huta. Haka muka yi har ya sulluɓo. Baffa ya share masa majina, ya zura masa tsinken ciyawa a hanci, ya yi atishawa. Ni kuma na tsoma cibiyar a aidin da na tanada tun wata guda. Ina so a rubuta wannan: har zuwa nan ni jarumi ne, kuma babu wanda ya ɗauki hoton wannan ɓangaren.

Sai gimbiyar ta miƙe, ta waiwayo ta dubi abin da ta haifa, ta yi huci, ta wuce wajen harawa. Ko shinshina shi ba ta yi ba. Baffa ya ce karsana takan yi haka, ba ta gane nata ba ne tukuna, amma ba za mu zauna jira ba. Lasar uwa ce take busar da maraƙi ta motsa masa jini, ga shi a jiƙe yana rawar sanyi. Sannan dakashi, nonon farkon nan mai kauri, dole ya sha cikin awa 6 na farko, domin da shi yake samun kariya daga ciwo, in an kwana an wuni cikinsa ya daina karɓar amfanin. Dabarar ita ce a barbaɗa wa maraƙin dusa da gishiri, kwaɗayi ya ja ta ta lasa, daga nan ta kama ɗanta. Baffa ya haɗa a ƙwarya. Na ce ya ba ni, ai saniyata ce.

A nan ne sai na yi maganar ƙanin maman yara. Kun san shi. Babu wanda ya kira shi. Ya zo ne, wai, ya ari janareto, alhali tocilan ɗin da ya ara tun azumi har yau ba ta dawo ba, kuma rashin tocilan ɗin ne ya sa muke aiki a duhu tun farko. Da ake jan maraƙi yana can jikin bishiyar darbejiya ya toshe hanci, wai shi ba ya son ganin jini. Mutumin da a Babbar Sallah shi yake fara isa wajen hanta. Na ce masa, "Kai, haska mana da wayarka." Ya ce, "To Yaya." Ya ɗaga waya, haske ya fito, na ma yi masa addu'a a zuciyata. Ashe hasken kyamara ne.

Na taka ɗaya, na taka biyu. Takalmina na dama ya tsaya a taɓo, ni na ci gaba. Na faɗi da baya, zaune daɓas, bayana ya jingina da turke, ƙwaryar ta yi sama ta dawo ta kife a kaina. Hula ta riga ta yi nata wuri. Kun san yanayin kaina, ba sai na yi bayani ba, wanzami ma rabin kuɗi yake karɓa. Ga gumi, ga dusa, ga gishiri, duk suka manne.

Ina ƙoƙarin share ido na ji huci mai zafi a goshina. Na buɗe ido ɗaya. Ƙaho ta dama, ƙaho ta hagu, ni a tsakiya.

Baffa ya ce, a hankali, "Malam, kada ka motsa."

Ina zan motsa? Na fara salati. Na ɗauka soke ni za ta yi, har na tuna mutanen da nake bi bashi, ciki har da mai riƙe da waya. Sai ta zaro harshe.

Jama'a, wanda saniya ba ta taɓa lasa ba bai san komai ba. Kuna ganin harshen nan a tukubar mai balangu kuna cewa a sa muku, da laushi. A raye ba haka yake ba. Ji na yi kamar ana kankare ƙanzo a gindin tukunya. Ta faro daga gira, ta bi ta goshi, ta haye tsakiyar kai, ta sauka ƙeya. Ta tsaya ta tauna. Ta dawo ta faro daga kunnen hagu. Kowace lasa sai kaina ya bi ta ya dawo ya bugi turke, ƙwas. Ga yawu yana bin wuyan shadda. Na ce, "Baffa, kore ta mana!" Ya ce, "A'a, ai yanzu ta fara abin da muke so. In aka kore ta yanzu ba za ta ƙara lasa ba." Na ce, "To ai ba ni aka haifa ba!" Ya ce ya sani.

Daga wajen darbejiya kuwa ba ka jin komai sai wani irin kuka, mutum ya shaƙe da dariya yana neman numfashi. Hasken yana ta rawa. Har cewa yake, "Yaya, ɗan ɗago fuska." Wai don in numfasa.

Sai Baffa ya yi abin da har yanzu ban yanke shawarar ko hikima ce ko mugunta ba. Ya sunkuci maraƙin, jiƙe sharkaf da ruwan haihuwa, ya ɗora min a cinya. Ya kwashi dusar da ta taru a aljihuna na gaba ya shafa masa a gadon baya. Ya ce, "Riƙe shi da kyau, za ta sauko kansa." Ta sauko ɗin, amma ba lokaci guda ba. Ta lashe shi sau ɗaya, ta dawo kaina. Ta lashe shi, ta dawo kaina. Tana kwatanta mu. Ina zaune cikin kashin shanu, rungume da maraƙi, ana yi mana wanka bi da bi, daidai lokacin da masu dawowa daga masallaci suka biyo ta jikin shinge. Wani dattijo ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Barka da arziki." Na amsa. Me zan ce?

Daga ƙarshe ta yi wani gurnani ƙasa-ƙasa, irin wanda saniya take yi wa ɗanta kawai, ta ture hannuna da hanci, ta duƙufa a kansa. Na ja jiki da gwiwa na fice. Kafin awa guda ya miƙe, ya faɗi, ya sake miƙewa, ya lalubo nono, ya kama. Mabiyiya ta faɗo kafin asuba da kanta, don Baffa ya hana a taɓa, ya ce ja ne yake jawo wa saniya ciwo, in ta wuce awa 12 ba ta faɗo ba a kira malamin dabbobi.

Maman yara ba ta bar ni na shiga ɗaki ba, a tsakar gida ta ajiye min bokiti. Da ta haska kaina ta ce ya yi ja, ta kawo man kaɗanya, tana shafawa kafaɗarta na rawa. Na ce mene ne, ta ce tari ne. Ƙaninta ya riga ya tura mata.

Yanzu ko da wace riga na shiga garke, karsanar tana hango ni take zaro harshe, sai da hula biyu nake zuwa. Baffa in zai ba ni rahoto sai ya ce "ɗan'uwanka ya sha nono." Shi kuwa wancan, jiya na aika masa a kan tocilan, ya ce batirin ne ya mutu, in turo kuɗin batir. Janareton ma ashe ya tafi da shi a daren.