Wai babba yana da ikon ladabtar da ƙarami

Bidiyon nan da kuke ta turo min tun jiya na gani, don Allah ku daina. Mutum ya sha babbar riga, ya zauna gaban kyamara, ya gyara murya, ya ce wai Yukren ƙanwar Rasha ce, kuma babba yana da ikon ladabtar da ƙarami idan ya kangare. Jama'a kuma suka yi layi suna "Allah Ya ƙara basira", "Putin namijin duniya". To madalla. Ashe ruwan makamai masu linzami a kan gidajen mutane ladabtarwa ce, mu ne ba mu waye ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, na san masu yabon nan. Ku ne dai kuka hana kowa sakat a 2023. Sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ƙarƙashin Tinubu ta ba su wa'adin mako guda, aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wutar lantarki, aka fara maganar tura dakaru. Me kuka ce? Kuka ce Nijar ƙasa ce mai cin gashin kanta, ba wanda ya isa ya shigar mata da tankar yaƙi don ya fi ta ƙarfi. Sanatocin Arewa suka ce ba da su ba, malamai suka tafi Yamai neman sulhu. Gaskiya kuka faɗa, kuma har gobe ina tare da ku a kanta. To me ya canza? Girman Najeriya bai ba ta ikon afka wa Nijar ba, amma girman Rasha ya ba ta ikon afka wa Yukren?

Ku dubi hujjar da kanta. A Yulin 2021 Putin ya fitar da dogon rubutu yana cewa Rashawa da mutanen Yukren al'umma ɗaya ce. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 tankokinsa suka tsallaka iyaka suka nufi Kiev. Kafin shekarar ta ƙare ya sanar da cewa yankuna huɗu, Donetsk da Luhansk da Zaporizhzhia da Kherson, sun zama na Rasha. In dai "al'umma ɗaya" hujja ce, ai ba wanda ya kai mu ita. Tsakanin Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya tun kaka da kakanni. Gobe wani shugaba a Abuja ya tashi ya ce Maraɗi tamu ce, Turawa ne suka raba, ya tura sojoji ya kafa tuta, za ku ce masa namijin duniya? Shugabannin Afirka sun hango wannan fitina tun 1964 a Alƙahira, shi ya sa suka amince kowa ya tsaya kan iyakar da ya gada, duk da sun san iyakokin na zalunci ne. Mu kanmu Bakassi a kotu aka kayar da mu a 2002, muka haɗiye takaici muka miƙa wa Kamaru.

Na san abin da za ku ce: NATO, NATO, NATO. Wai ƙungiyar tsaron nan ta ƙasashen Yamma ta matso ƙofar gidan Rasha. To Yukren ba ta cikin NATO ranar da aka shiga mata, ba ta ciki a 2014 da Rasha ta ƙwace mata yankin Kirimiya. Kuma in don a kori NATO aka yi yaƙin, an yi riba ƙwarai: Finlan mai iyakar sama da kilomita 1,300 da Rasha ta shiga a 2023, Suwidin ta bi ta a 2024. Maƙwabtan nan ba mahaukata ba ne. Sun tuna yadda Tarayyar Sobiyet ta afka wa Hangare a 1956 da Cakoslobakiya a 1968, sun ga yadda Rasha ta shiga Jojiya a Agustan 2008, inda cikin kwana biyar aka gama, Abkhaziya da Ossetiya ta Kudu suka ƙarasa fita daga hannun Jojiya har yau.

Sai ku ce ai Amurka ma ta yi. Ta yi mana! Wa ya ce ba ta yi ba? Tun 1823 take ɗaukar nahiyarta a matsayin gonarta. Ta sa hannu aka kifar da gwamnatin Guatemala a 1954, ta shiga Grenada a 1983, ta shiga Panama a 1989 ta ɗauke Noriega, shugaban mulkin sojan ƙasar, ta kai shi kotunta. Iraƙi a 2003 an rusa ta kan makaman da ba a taɓa gani ba. Libiya a 2011 kuwa, har yau yankinmu na Sahel bai gama biyan kuɗin wannan ɓarna ba. Duk na yarda. Amma tun yaushe zaluncin Amurka ya zama lasisin Rasha? Duk kanwar ja ce. Kashin dankali ne, babba ya danne ƙarami, tuta ce kawai ta bambanta.

Bari in ajiye gatse in faɗi abin da ke damuna tsakani da Allah. A Disambar 1994, a Budapest, Yukren ta amince ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet, Rasha da Amurka da Birtaniya suka sa hannu cewa za su mutunta iyakokinta. Shekara 20 ba ta cika ba ɗaya daga cikin masu sa hannun ya yanki Kirimiya. Duk ƙaramar ƙasa a duniya ta ga wannan, mu ma muna cikin ƙananan, kada yawan jama'a ya ruɗe mu. Dokar da ta ce ba a canza iyaka da bindiga ita ce ɗan abin da raunana suka mallaka, kuma ku kuna tafi ana yayyaga ta. Ko don 'yan'uwantakar addini da kuke yawan kawowa, ku tambayi Tatar na Kirimiya, Musulmi ne. Stalin ya kwashe su kaf a 1944, jikokinsu suka lallaɓo suka dawo, a 2016 kotun Rasha ta haramta majalisarsu. Ku tambayi mutanen Afganistan shekara goman da suka yi ƙarƙashin mamayar Sobiyet daga 1979. Ba ku taɓa turo min bidiyonsu ba.

Af, tun da ana maganar masoyan Rasha: telolin nan na Kano da aka kama a Agustan 2024 kan ɗinka tutar Rasha lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa fa? Ofishin jakadancin Rasha a Abuja nan take ya fito ya ce babu ruwansa. Yaran da aka kwashe aka kai Abuja, suka yi wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka sake su. Su wa suka sayi yadin, su wa suka biya kuɗin ɗinkin? Har yau ina jiran wanda zai fito ya ce shi ne.