Bakin mai ƙuna ma yana buƙatar kulawa

Madalla da wani rahoto da ya ce mai ƙuna a fuska yakan warke amma bakinsa ya shiga wani hali. Haka abin yake. Tabon da ya kewaye leɓe yana tsukewa yayin da yake warkewa, har baki ya ƙi buɗuwa sosai. Buroshi da ƙyar yake shiga, balle lomar tuwo. Daga nan haƙora su fara ruɓewa, dasashi ya kumbura, magana ta yi nauyi, mutum ya daina shiga taron suna da biki saboda kunya.

Mu a Sakkwato hunturu ne lokacin tsoro: ga kaskon gawayi cikin ɗaki, ga fetur a jarka bayan ƙofa. Jama'a, don Allah a bar shafa ɗanyen ƙwai ko manja. A zuba ruwa mai sanyi na minti 20, sai asibiti.

Asibitin Noma, na masu cutar noma mai cin naman baki da fuska, yana garin nan tun 1999, ana gyaran fuska da muƙamuƙin da ya ƙage, wato muna da ƙwararrun. Ya kamata gwamnatin jiha ta taimaka a riƙa haɗa likitan haƙori cikin masu duba mai ƙuna tun makon farko.