A Kafa Majalisar Koyon Jawabi a Ƙauyukanmu, Amma a Ɗinka Ta Daidai Jikinmu

A nan Ingila, inda neman abinci ya kawo da yawa daga cikinmu, akwai ƙungiyar da ake kira Toastmasters, aikinta koya wa mutum ya tsaya gaban jama'a ya yi magana. Wani Ba'amurke mai suna Ralph Smedley ne ya kafa ta a 1924 a garin Santa Ana na jihar Kalifoniya, yau kuma tana da rassa a ƙasashe fiye da 100, har da Najeriya. Wanda ya tashi a karkarar Kano ko Jigawa, in ya ga zamansu, abin da zai fara cewa shi ne ai mun fi su baki. Haka ne kuwa. Dattijon da ke karɓar aure a Ringim, ko dillalin shanu a kasuwar Wudil ran Juma'a, ba mai koya masa jera zance. Sai dai mu muna ɗaukar iya magana baiwa ce, wanda Allah ya ba shi ya ba shi, su kuwa sana'a suka ɗauke ta kamar saƙa, ana koyonta daki-daki. Shi ya sa a taron gari mutum uku ne ke magana shekara da shekaru, saurayin da ya san abin da ya lalace a famfon tuƙa-tuƙa yana can baya ya sunkuyar da kai.

A zamansu kowa da aikinsa. Akwai mai jan ragamar taro, da mutum biyu ko uku da suka shirya jawabin minti 5 zuwa 7. Mai lura da lokaci yana ɗaga koren kwali a minti na 5, rawaya a na 6, ja a na 7. Wani yana ƙirga kalmomin cike gurbi, irin namu na "wato", "ka gane ko", "e to". Sai tambayar ba-zata, a jefa wa mutum batu ya yi minti 1 zuwa 2 a kai ba shiri. Daga nan kowane mai jawabi yana da mai gyara masa, wanda zai tashi ya yi minti 2 zuwa 3 yana faɗin abin da ya yi kyau da abin da za a gyara. Duk wannan kwali uku da agogon waya sun wadatar, ajin firamare ko zauren dagaci ya ɗauka.

Wajen gyaran nan ne za a yi tuntuɓe in aka kwaso tsarin yadda yake. A wurinsu yaro ɗan shekara 20 yana gyara wa mai furfura a bainar jama'a, ba wanda zai ji komai. A Gumel ko Bichi, zama ɗaya irin wannan ya isa ya watse ƙungiya, kuma ban ga laifin dattijon da ya ɗauke ƙafa ba. Sa'a ya gyara wa sa'a. In babba ne ya yi jawabi, babba irinsa ya duba shi, ko a faɗa masa a keɓe bayan an tashi. Gyara ɗaya tak a kowane jawabi, kuma a kama abu takamaimai: "Malam, ka kalli ƙasa tun farko har ƙarshe", ba "ka ƙara ƙoƙari" ba. Sannan gaisuwa. Mutuminmu zai cinye minti 3 yana gaishe da hakimi da dagaci da liman da manyan baƙi, a ɗaga jan kwali bai shiga maganar ba. Ba za a yar da gaisuwa ba, tarbiyyarmu ce, amma mai jan ragama ya yi ta sau ɗaya a madadin kowa, mai jawabi ya yi sallama ya kama zancensa.

Abin da ya fi burge ni a wurinsu shi ne yadda suke kiyaye matakin kowane mutum. Jawabin farko, na minti 4 zuwa 6, kan kansa mutum yake yi, don tsoro ya fita. A tsohon tsarinsu wanda ya cika jawabi 10 ana ba shi shaida, yanzu kuma hawa 5 suka yi wa karatun. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi makarantar allo, inda ake ƙirga izu har 60, a yi zayyana, a yi walimar sauka. Mu ma a ajiye littafi ɗaya a hannun magatakarda, shafi guda ga kowane mutum, kwanan wata da batun da ya yi magana a kai da gyaran da aka yi masa. In ba a rubuta ba, bayan wata uku masu baki sun sake mamaye fili, masu kunya sun koma 'yan kallo. Ni dai da za a ji tawa, kada shaidar jawabi na 10 ta tsaya a takarda. A tura mutumin ya yi magana da yawun unguwa a taron iyaye da malamai, ko ya gabatar da koken rijiyar burtsatse gaban kansila, cikin minti 7, da adadin gidajen da abin ya shafa da kuɗin gyara.

Ba lallai a yi rajista da uwar ƙungiyar ba. Suna neman mutum 20 kafin su amince da reshe, kuɗin shiga da dala ake biya duk wata 6, littattafansu kuma ba na Hausa ba ne. Mutum 12 zuwa 15 sun isa, ƙasa da haka ayyukan za su yi wa mutane yawa, fiye da 25 kuma wani sai ya yi wata biyu layi bai zo kansa ba. Matan aure su yi tasu a Islamiyyarsu, da mace mai jan ragama. A hana maganar jam'iyya da saɓanin malamai tun ranar farko, kada kuma a karɓi kujeru ko lemo daga ɗan takara.

Su 'yan Toastmasters shekararsu daga Yuli take farawa, daidai lokacin da mutanenmu ke gona daga asuba. Tamu ta fara bayan kaka, an kai amfani gida, kafin samari su tafi cirani. Zama sau ɗaya a mako tsakanin la'asar da magariba, a kauce wa ranar kasuwa, kamar Alhamis ga mutanen yankin Maigatari. Da damina a mayar da shi sau ɗaya a wata, da azumi kuma a dakata sai bayan salla.